Turakun Inna a Cikin Kwamfuta

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Ya Baba da su Raliya, ya daminar Illo? Ni lafiya lau. Sanyin Jamus ne kawai, tarin ma ya yi sauƙi, kada ki sa shi a ranki. In Kawu Albashir zai taso, ki ba shi daddawa da yaji ya riƙo mini.

Albishirinki! Babbar kwamfutar ma'aikatarmu ta kwana uku tana jan ƙafa, ni kuwa ina cikin watannin gwaji, ido duk a kaina. Ƙwaƙwalwarta kashi goma sha shida ce, kuma akan ɗaure kowane aiki a kashinsa, kamar yadda kike ɗaure awaki da damina. Da na duba, sai na iske ayyuka talatin ɗaure a kashi biyu suna turereniya, sauran kashi sha huɗun kuwa na zaune banza. Tsarin tsohuwar na'ura aka kwafo, ba wanda ya tuna ya matsar da turke.

Shugabana ya ce a kwance su duka. Na ce a'a, za su faɗa wa babban aikin da ma'aikatar ta dogara da shi su yi ɓarna. Ya ce to, in gwada. Na raba musu turaku, na ware wa babban aikin kashi huɗu shi kaɗai. Kafin la'asar kwamfutar ta miƙe garau.

Shugaban ya tambaye ni malamin da ya koya mini wannan. Na ba shi sunanki, Inna, har ya rubuta.

Allah ya bar mana ke.

Ɗiyarki,
Sailuba