Guntayen Sigarin Marigayi a Gonata

Inna Salima, don Allah ki agaza mini da shawara. Wannan magana duk wanda na gaya wa a garinmu dariya zai yi mini.

Maigidana Ɗangana ya rasu shekara biyu ke nan, ciwon ƙirji ya yi ajalinsa. Da can garin taba yake naɗewa a takarda. Ni ce na matsa masa ya koma sigari mai auduga a gindi, don na ji ana cewa audugar tana tare dafin. Shekara goma sha ɗaya ina share guntayen ina zubawa a juji, kowace bazara kuma a kwashe jujin a kai gona taki.

Bana, duk inda na sa hauya sai guntu ya fito. Kashin awaki ya zama ƙasa, kara ya ruɓe, su kuwa suna nan, wasu har da shatin haƙorinsa. Sai in zauna gindin gawo in yi ta kuka. Yara duk suna Maraɗi. Ɗana Faruku da ya zo ya ce a tsince a ƙone, na hana. Kayan mamacin an raba gado, waɗannan kaɗai suka rage mini. Amma duk wanda na ɗauka sai in ji kamar ni na kashe maigidan nawa. In bar su ko in kwashe?

Mai Kewa, Gangara

’Yar’uwa, Allah ya jiƙan Malam Ɗangana. Abin nan na gindin sigarin ba auduga ba ce, dangin roba ne, shi ya sa ƙasa ta ƙi cin sa. Yana rage kaifin hayaƙi a maƙogwaro, amma ba ya hana cuta. Ba ke kaɗai aka ruɗa ba. Tun kafin ki sa baki yake shan taba, ke kuwa ceto kika nufa. Ki sauke wannan kaya.

Faruku ya yi gaskiya a tsincewa, ya yi kuskure a ƙonawa, don hayaƙin roba guba ne. Barin su ma illa ne: dafinsu yana tsiyaya cikin ƙasar da ke ciyar da ke, kaji da awaki kuma ba sa tambaya kafin su haɗiye. Ki tara su a gwangwani mai murfi. In zuciya ta ƙi, ki ajiye guda ɗaya, ba wanda zai ga laifinki.

Amma kada ki yi tsintar ke kaɗai. Ki kira matan unguwa gayya, ki dama musu fura, kuna tsinta kina ba su labarinsa. Kukan da kike yi ba mai ce miki sannu ya fi guntayen tayar mini da hankali. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa albarka a damina.