Inna, Na Kira Sunan Angonki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Soron Ɗinki. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa.

Inna, garin ba yadda kika bar shi yake ba. Tun Juma'ar da bama-bamai suka tashi, Kano ba ta koma daidai ba. Kafin in wuce Ƙofar Nassarawa in kai asibitinmu, sai na sauka a shingen sojoji na ɗaga hannu sama. Amma wallahi ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar angonki ce, jikanki.

Kin san ɗan fari ne, ba na kama sunansa. "Kai" nake ce masa, ko in aiki ƙanwarsa ta kira shi. Haka kika yi wa Yaya, haka na tashi na gani. Ke kuwa kakarsa ce, ba abin da bakinki ba ya gaya masa.

Ina tuna lokacin da aka ba ku ungozomomi horo a kan ƙanjamau. Kika dawo da kwalin reza kika hana unguwa sakat. Kina zaune a kan 'yar kujerarki a tsakar gida, samari da 'yan mata sun shigo gaishe ki, sai ki tsare su. "Ku ci tuwo kwano ɗaya da mai cutar, ba abin da zai same ku. Sauro ma sharri ake yi masa. Amma reza da allura ba a aronsu, kuma kowa ya ɗaure zanensa da wandonsa da kyau!" Su fashe da dariya suna rufe fuska, amma maganar ta shiga.

Ni fa yau aikina ke nan. Makarantu nake bi, in tsaya gaban 'ya'yan mutane in yi musu bayanin saduwa ba kariya, da allurar da aka yi wa wani, da jinin da ba a gwada ba. Har kwaroron roba ina ambata ban ko ƙifta ido ba. Sai na dawo gida na ga nawa, bakin ya mutu.

Mai askin bakin titi ya rufe shago ya bar gari tun da aka yi harbi a layinsu. Dokar hana fita ta tara angonki da abokansa a soronmu, ba makaranta, ba kasuwa. Junansu suke yi wa gyaran fuska da reza ɗaya, na ga yanka a bayan kunnensa. Ran Talata kuma ina sharar soron na tsinci sirinji a ƙarƙashin tabarma. Innalillahi! Ban san na wane ne ba, Inna. 

Na gaya wa babansa. Ya kira shi ya ce ya ji tsoron Allah, shi ke nan. Gaskiya ce, amma ba ta gaya wa yaro abin da ke cikin allura ba. Na duba dangi kaf, na rasa mai irin bakinki. Ban taɓa jin rashinki kamar ranar ba.

Jiya da hantsi na ɗauko kujerarki na zauna. Angonki ya zo wucewa. Na buɗe baki na kira sunansa, cikakke.

Inna, bai dube ni ba. Ƙofar ɗakinki ya waiwaya ya duba, ɗakin da ke kulle tun rasuwarki.

Ina kuka na gaya masa komai, har maganar wandon, da kalmominki don nawa sun ƙi fitowa. Kansa a ƙasa ya rantse sirinjin ba nasa ba ne. Rezar dai ya amsa. Gobe in an buɗe hanya za mu je a gwada jininsa, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Allah Ya kare shi da abokansa, Ya kawo wa garinmu zaman lafiya. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna.

Wassalam, daga 'yarki mai kewarki,

Maman Kabiru