Kujerar da Na Shura

Nanay, mahaifiyata,

Ina gaishe ki daga Manila. Ya ciwon ƙafar? Ya Manang Luz da yaranta? Ni lafiyata ƙalau, rubutun ne ya karkace don da hagu nake yi.

Na rubuta jarrabawar ƙwarewa ta injiniyoyin na'urori, wadda sai da takardarta ake ƙarin girma. Da na gama, na shuri kujerata kamar yadda kika ce, don kada in sake dawowa ɗakin. Sai ta bugi ƙafar Rodelio, abokin aikina da ya faɗi jarrabawar sau biyu.

A waje ya tare ni. "Ɗan iska, ni za ka turo wa tsiyarka?" Ya kwaɗa mini hular kwano a baki, ya taka hannuna har yatsu suka karye. Ni ma na gartsa masa cizo a kunne, sai da na ji gishirin jini.

Kada ki yi kuka. Na ci jarrabawar, shi ya sake faɗuwa, kuma har yanzu teburinmu ɗaya, don haka ki yi mini addu'a. In za ku rataya ƙyallen taya ni murna a ƙofar gida, ku sa tsohon hotona, mai haƙora.

Ɗanki,
Crisanto