Lambar Baba a Shafin Shago

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya jikin Mama? Ni lafiya lau, kumburin ƙafa ne kawai, tsayuwar wurin aiki ce.

Raina a ɓace yake. Da za a yi wa shagonmu shafin intanet, na ce a ɗauki shiryayye, wanda ko Mama za ta iya gyarawa a wayarta. Ka ce kai gwani ne, da hannunka za ka gina. Yanzu ba mai iya taɓa shi sai kai, kai kuma kullum sai gobe.

Har yau lambar Baba ce a kai. Masu saye suna kira suna neman mai shago, kullum sai Mama ta faɗa wa baƙo da bakinta cewa mijinta ya rasu.

Allah ya shirye ka. Ka cire ta yau.

Yayarka