Surukata na son ceton kifina da ruwan zafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, akwai 'yan Landover, inda nake zaune, da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara dariya, don na san za ku yi.

Ina da akwatin kifi na gilashi a falo, ƙarami ne, bai fi tsawon hannu ba. Amma ba irin wanda kuke gani a wurin likitan haƙori ba ne. Nawa na ruwan teku ne, tekun ma mai sanyi, halittun ciki sun fito ne daga inda ruwa yake kamar an ɗebo shi daga firji. Akwai inji a ƙarƙashin teburin da ke sanyaya ruwan kullum, in ya tsaya ruwan ya yi ɗumi to mutuwa za su yi. Ruwan ma ba na famfo ba ne, ni nake haɗa shi da gishirinsa na musamman. A ciki akwai wasu halittu jajaye masu kama da furanni da ke manne a dutse, da tauraron teku, da 'yan jatan lande, sai wani ɗan kifi kumburarre da na sa wa suna Ƙosai don kamarsu ɗaya. Ko iyon kirki bai iya ba, sai dai ya manne a gilashi ya zuba wa mutum ido. Lokacin da na zo ƙasar nan ni kaɗai, daga aiki sai ɗaki, babu mai ce min sannu, wannan akwatin ne ya hana ni zarewa. Matata ta sani, da shi ta same ni.

Watan jiya ta haihu, namiji, alhamdulillahi. Mahaifiyarta ta zo daga Jos don wankan jego. Wallahi matar kirki ce, ta bar gidanta da sana'arta, ta zo da busasshen ganyen wanka da kanwa da kayan kunu, ita ce dafa ruwa, ita ce raino, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sai dai ita a duniya ba ta da abokin gaba kamar sanyi. Ranar da ta iso ta sa aka ƙure hita, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta hana buɗe taga, gida ya koma kamar gidan burodi. Na haƙura, jego ne.

Rigimar ta soma ne ranar da ta dafa gilashin ta ji shi kamar ƙanƙara, ga shi yana raɓa. Ta janye hannu ta yi salati, ta ce ya za a ajiye rijiyar sanyi a falon da ake shimfiɗe jariri. Na durƙusa na fara bayani, kun dai san magana da suruka, kai a ƙasa, murya a ciki, rabin zancen ma haɗiye shi nake yi. Na ce Mama ai haka Allah ya halicce su. Ta ce babu mai rai da ke son sanyi, haƙuri kawai suke yi don ba su da bakin faɗa. Na ce injin ma iska mai ɗumi yake busowa cikin ɗaki, ta sa hannu ta ji. Ta sa, ta ji, ta ce to ai ga shi nan, ɗumin jikinsu yake sacewa.

Kashegari na dawo aiki na tarar an zare filogi, an lulluɓe akwatin da bargo. Na mayar na manne da tef. Na sake dawowa na tarar an ɓare tef ɗin a hankali an ajiye min a kan tebur. Na tura soket ɗin bayan kabad, ta sa sandar goge ƙasa ta kai gare shi. Jatan landen suka fara mutuwa. Na roƙi matata ta yi mata magana, ta yi, Mama ta ce ashe ita ma an mayar da ita baturiya. Ba ni da inda zan kai akwatin, ɗakin kwana ɗaya ne, su ukun ke ciki, ni a falon nake kwana.

Ranar Talata abin ya kai maƙura. Ta gama yi wa matata wanka, ruwan zafi ya ragu a tukunya, sai ta tace ganyen ta juye shi a cikin akwatin. Ita da bakinta ta gaya min tana murna, wai tana zubawa furannin nan suka saki jiki suka kwanta. Jama'a ba kwanciya ba ce, narkewa suka yi. Tauraron tekun ma ya tafi. Na kwashe su da cokali, na canza ruwa, na sauka na shiga mota na yi ta dukan sitiyari, ni magidanci mai ɗa. Ƙosai kaɗai ya rage, ya manne a kusurwa ya daina cin abinci.

Na hau sama da niyyar yau kunya ta ƙare, sai matata ta tare ni a kicin ta gaya min abin da ban taɓa sani ba. Ashe ɗan farin Mama ya rasu yana jariri a Jos lokacin sanyi, ciwon haƙarƙari, dangin miji suka ce sakacinta ne, ita ta bar shi a sanyi. Har yau abin na cin ta. Matata ta ce in na ce mata ita ta kashe halittun nan, ko kuka ba za ta yi a gabana ba, jakarta za ta haɗa, ga ta da hawan jini, ga shi ko arba'in ba a yi ba. Ta ce in dubi girman Allah, kifi ne fa. Wannan kalmar ta "kifi ne fa" ta fi min ruwan zafin ciwo, amma na ƙyale ta, don ita ma a gajiye take.

Akwai wani mai shagon kayan kifi a College Park da ya ce zai karɓi Ƙosai, sai dai ya ce a halin da yake ciki ba lallai ya jure tafiya ba, kuma in ya karɓa babu zancen dawowa.

Yau da safe na sami Mama zaune a gaban akwatin tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce, "Ka gani ko ɗana? Sanyin nan ya cinye su, ni ce na makara. Amma wannan ɗan da ya rage, in Allah ya yarda ba zai mutu a hannuna ba. Je ka aikinka, ka kwantar da hankalinka."

Ban je ba. Na kira na ce ba ni da lafiya, ga ni zaune a gaban akwatin kamar mai gadi, kuma gobe dole in koma. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa. In faɗa mata gaskiya ne ko da za ta koma Jos da ɓacin rai? Ko in ɗauki Ƙosai in kai shi shagon, in ya mutu a hanya shi ke nan? Ku da kuka zauna da iyayenmu mata a ƙasar nan, akwai yadda ake faɗar irin wannan magana ba tare da an tono mata wancan ciwon ba? Don Allah ku amsa da wuri. An riga an yi wankan yau, amma yanzu haka ina jin ta a kicin ta sake ɗora tukunya.