Rigar da Malam Idi ya ɗinka mini

Daren Laraba, Lamorde

Yau a labo, ɗakin bincikenmu, an yi ta taya ni murna. Bincikena a kan ƙwayoyin halittar 'ya'yan Malam Idi su uku ya fito, na gano tushen ciwon jijiyar da suka gada. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji daɗin tafin.

Da la'asar sai ga shi daga shagonsa na ɗinki da ke unguwar Harobanda. Farar rigar aiki ya ɗinko mini, har da sunana a aljihu.

"Madam, na ji an ce an dace. Yaushe Hadiza za ta fara shan magani? Yanzu ko cokali ba ta iya riƙewa."

Ranar da na ɗebi jinin 'ya'yan nasa ya tambaye ni ko za a samu magani, na ce in sha Allahu don kawai ya sa hannu a takardar amincewa. Shi kuwa alkawari ya ɗauka. Sunan ciwon na samo, magani babu. Na kasa faɗa masa, na ce ya dawo Litinin.

Ɗazu na gwada rigar. Ta zauna mini cif, alhali bai taɓa auna ni ba. Ni ko ban san wacce ce Hadiza a cikin su ukun ba. Lambobin kwalaben jininsu kaɗai na haddace.