Hancina Ya Daina Jin Hayaƙi

Kansas City, Missouri
14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Vernell,

Gaisuwa mai tarin yawa a gare ki da maigidanki Lucius da yara baki ɗaya. Ina fatan kuna lafiya, kuma sanyin Alaska bai fara tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya miki jikoki. Mu nan mun gode Allah. Matata Loretta tana nan ƙalau, hawan jinin ya sauka tun da likita ya raba ta da gishiri da jan nama. Ɗanmu Dwight yana can Atlanta, yakan kira duk Lahadi in an tashi daga coci.

Vernell, kin san ko ni wane ne. Daga sakandare na wuce mayanka, shekara tara ina ɗaukar cinyar sa a kafaɗa. Murhun gashina na farko tsohuwar ganga ce da na yanka biyu na yi mata walda da hannuna. Hunturu huɗu na yi ina sayar da nama a bakin titi kafin na samu shagon nan na kan kwana, kuma ramin gashin da ke cikinsa ni na ɗora tubalinsa ɗaya bayan ɗaya. Yajin da nake barbaɗa wa nama da miyar da nake shafa masa, ba wanda ya koya mini, ba a littafi na gani ba. Na yi gida, na ilmantar da ɗa, ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Na jero miki waɗannan ne don ki san cewa mutumin da bai taɓa cewa a taimake shi ba, yau shi ne zai ce.

Shekara uku ke nan wata malamar makaranta mai ritaya, Malama Delphine, take kawo mini baƙi duk Asabar. Takan kwaso su daga wajen gidan tarihin kiɗa, ta zaga da su unguwa a ƙafa, su ƙare a wurina da yunwarsu. Mutanen Boston, mutanen Jamus, har da na Japan. Al'adata ita ce in fito da ƙirjin sa daga rami a gabansu, in yanko ƙonannun gefen nan, in jefa na farko a bakina, in gyaɗa kai, sannan a raba musu a kan farin burodi da kokwamba mai tsami. Gyaɗa kan nan shi suke jira su ɗauka a hoto. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tun wajen watan Afrilu ba na jin komai a bakina sai gishiri da ɗumi. Na ɗora laifin a kan mura, na ci gaba da gyaɗa kai.

Asabar ta ƙarshen watan Agusta asirina ya tonu. Mai kawo mini itace ya haɗo da gumaguman bishiyar fayin a cikin itacen hikori da nake gashi da shi, ɓawonsu a saɓule. Kin san fayin, hayaƙinsa ƙaro ne zalla, da can ko daga ƙofar shago zan ji shi in yi ihu. Na zuba su da hannuna, nama ya sha wannan hayaƙi awa goma sha biyu ina tsaye a kansa. Baƙi ashirin da biyu suka zo. Na yanka, na ci, na gyaɗa kai. Kowa ya karɓa yana murmushi, wata mata daga Boston har da dafa ƙirji wai ba ta taɓa cin irinsa ba. Kin dai san mutanenmu, ko tafin takalmi ka ba su za su ce madalla sun gode. Sai da suka tafi na je ɗaukar kwandon shara na bakin ƙofa, na tarar da shi cike da namana, kowane yanka an naɗe shi tsaf a takardar goge baki.

Tsoho Purvis, wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, yana zaune a kujerarsa ta lungu inda ya shekara talatin yana cin namana. Ya kira ni ɗan mayanka kamar yadda ya saba, ya tambaye ni ko bishiyar Kirsimetin bara na cusa a rami, wai in da ya kai wa karensa wannan nama, da kare ya kai shi ƙara. Na ce masa haƙoran robarsa ne suka tsufa, ya je ya wanke su. Da ya ga da gaske nake, sai dariyar ta ɗauke masa. Ya kama hannuna ya ja ni wurin tulin itace, ya ɗauko gungume ɗaya ya kara mini a hanci, ya ce in gaya masa me na ji. Vernell, kamar dutse ya kara mini. Ban ji komai ba.

Ranar Litinin na rufe shago, na ce wa Loretta zan je duba sabon injin yanka. Ƙarya ce. Shiga gari na yi kamar baƙo, ni da na shekara arba'in ban zauna na ci girkin wani ba. Na hau jirgin titi zuwa kasuwar bakin kogi, na sha romon taliya a wurin 'yan Biyetnam, kwano na ta tururi a fuskata, kamar ruwan wanka. Na taka zuwa tsohuwar unguwar Italiyawa na ci tsiren alade mai tafarnuwa wanda a da ko wucewa ka yi sai rigarka ta kwana da warinsa. Na gangara titin Southwest Boulevard wurin 'yan Meziko, na ce wa matar da ke sayar da abinci ta zuba mini barkonon da ya fi kowanne zafi. Ta ce baba ka tabbata, na ce zuba. Ya ƙona ni, hawaye ya zubo, amma zafi ne kawai, naman kamar jiƙaƙƙen kwali. A ƙofar wani gidan burodi wata baƙuwa ta tsaya ta lumshe ido tana ce wa mijinta ya ji ƙamshi. Na tsaya kusa da su ina jan iska kamar doki. Daga nan na hau tudun nan mai dogon hasumiya da ke kallon tashar jirgin ƙasa, inda baƙi ke ɗaukar hoto. Garin duk yana gabana, ina hango hayaƙin ramukan gashi na tashi nan da can, sai na zauna a ƙasa ina kallo.

Na je wurin likita. Ya ba ni wasu katuna goma sha biyu, in kankare in shinshina in faɗi ƙamshin. Biyu na ci, su ma canka na yi. Sai ya ajiye biro ya tambaye ni ko a danginmu akwai wanda ya yi rawar hannu ko ciwon mantuwa. Nan take na tuna Baba a shekarunsa na ƙarshe, yadda yake kiran ki da sunan Mama, yadda ya tsaya a tsakar gidansa yana tambaya a kai shi gida. Likitan ya ce kada in tayar da hankalina, sau da yawa ba komai ba ne, ya sa mini ranar ɗaukar hoton kai a watan gobe. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Tun ranar, in na ajiye makulli na manta inda yake, sai gabana ya faɗi. In na ɗaga wuƙa, sai in tsaya ina kallon hannuna ko zai motsa da kansa.

Ba mutuwa nake tsoro ba, ƙanwata. Yajin nan da miyar nan babu su a rubuce ko'ina. Mu masu gashi ba ma rubutawa, tafin hannu ke awo, harshe ya gyara. Yanzu hannu na zubawa, mai gyara ya tafi. Kullum da safe ina haɗawa ina addu'a, ban sani ba ko ina matsawa daga ainihin abin kaɗan-kaɗan. In kan ma ya bi harshen, shi ke nan, shekara arba'in sun bi iska. Purvis ya ɗauki duba itace kullum, Allah ya saka masa, amma taba ta cinye masa rabin baki. Loretta an hana ta gishiri, kuma ban gaya mata tambayar da likita ya yi ba. Malama Delphine ta kira ni da ladabinta ta ce ta ɗan sauya hanya saboda baƙi na kukan nisa. Shekara uku nisan bai dame su ba sai yanzu. Ban ga laifinta ba.

Don haka nake roƙon ki, ki zo kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Ke kaɗai kika rage mai lafiyayyen baki da ta san yadda naman nan yake tun farkonsa, kuma ke ba ki iya kara ba, in abu bai yi ba tofarwa kike a gaban mai shi. Sati ɗaya ya isa. Ki zauna a kujera kusa da rami, in ɗebo da hannu in zuba a kwano, ki auna, ki ɗanɗana, ki ce ƙara ko rage, har sai kin ce wannan shi ne. Sannan ki rubuta. Na san tafiyar da nisa ga gwiwarki, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na ɗan'uwa kuwa na ɗan'uwa.

Ki gaishe mini da Lucius, ki ce masa har yanzu kifinsa na gwangwani bai kai ƙafar namana ba. Ki gai da 'yarki Renetta da maigidanta da ƙananan. Kada ki kira Loretta a kan maganar nan, ni zan gaya mata da bakina.

Abu ɗaya ne ba na so a yi mini gardama a kai. A saman takardar haɗin da za ki rubuta ki sa sunana cikakke da tawada, Cleophus Ardell Tarver. Kada ki rubuta haɗin gidan Tarver, kada ki sa sunan shago. Ki sa shekarar 1983, ki rubuta cewa shi ya haɗa da kansa. Duk wanda zai riƙe ramin nan bayana, da sunan zai riƙe shi. In kuma ranar ta zo da zan dube ki in tambaye ki ke wace ce, ki ɗauko takardar ki karanta mini sunan da ƙarfi.

Yayanki mai jiran amsarki,
Cleophus